Masarar Tasi'u

Ruwan daren jiya bai cika bokiti ba.
Ya ɗan taɓa kwanon rufi
kamar baƙon da ya ce ba zama zai yi ba,
ya wuce wajen Rigasa.
Damina ta fara naɗe tabarmarta.

Suwaiba na aikin dare a asibiti wannan makon,
saboda haka safiya tawa ce:
ni ne dama koko, ni ne layin ƙosai,
ni ne neman safar da ta ɓata tun Litinin.

Barira ta shiga aji biyu.
Rigar makarantar da na sa tela ya ɗinka da girma
don ta kai mu baɗi
ta zauna mata cif.
Na tsaya da cokali a hannu ina kallonta.
Yaushe?

Tasi'u kuwa ba ya karyawa
sai ya gaida masararsa.
Ƙwaya uku ya binne bayan randa
ranar ruwan farko.
Kaza ta tone ɗaya.
Ɗaya ta fito, ta yi rawaya, ta haƙura.
Ta ukun ce ta miƙe,
kullum yana gwada tsayi da ita,
ta kamo shi, ta wuce shi,
ya yi fushi da ita kwana biyu,
sannan suka shirya.

Yanzu ta goya ɗa guda,
gemunsa ya bushe.
"Baba, ta yi?"
Na sa farce, na ce ta yi.

Ƙaramarsu, Yahanasu, tana kan cinyata,
goshinta da ɗumi tun shekaranjiya.
Sauron bana ya ƙi jin gidan sauro,
kwatar layinmu ta zame masa gidan gado.
Na ba ta magani, ta tofar da rabi a wuyan rigata,
ta yi dariya da haƙora huɗu.
Wannan dariyar na riƙe har ofis.

Da la'asar Suwaiba ta tashi barci,
idonta ja, ɗankwali a karkace,
ta hura gawayi a kurfoti.
Tasi'u ya karyo da hannunsa,
ya ɓare, ya ƙi kowa ya taya shi.
Rabin goyon babu ƙwaya,
wani wurin tsutsa ta riga mu.
A bakin titin Kawo da naira kaɗan
za ka sayi wadda ta fi ta sau uku,
amma wa zai faɗa?

Ya raba da kansa.
Mama, don ta gaji.
Baba, don ya sa farce.
Yahanasu ƙwaya biyu, a tauna mata.
Barira ta samu gindin,
ta kai baki, ta ciza,
ta tsaya.

Haƙorin da ya yi sati yana lilo
ga shi a jikin totuwa,
fari, ƙarami kamar tsakin shinkafa.
Ta rasa kuka za ta yi ko dariya.
Tasi'u ya ce masararsa ce ta cire,
don haka nasa ne.
Aka yi shari'a. Suwaiba ta yanke.
Barira ta jefa shi kan rufi,
ta toshe baki da tafin hannu
kada ƙadangaren katanga ya ga giɓin.

Magariba ta yi.
Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi ta cika baki,
bai zubar da komai ba.
Suwaiba ta ɗauki jakarta,
mai Keke na jira a ƙofa.

Da na zo kwantar da su
na ji wani abu a aljihun wandon Tasi'u.
Ƙwaya uku, gasassu, baƙi ƙirin.
"Na shuka ne," in ji shi, ido rabi a rufe.
Ban gaya masa gasasshiya ba ta tsira ba.
Na sa su a kwalbar man shafawa,
na rufe, na ɗora saman taga.